Abin da Baffa Ya Binne

A jirgin ruwan Halfa, mai ɗaukar mutane daga Sudan zuwa Masar, na fara ganin Yaya Haruna yana jin kunyar jikinsa. Mun samu gefe a saman jirgin, na shimfiɗa masa bargo tsakanin buhunan wata 'yar kasuwa. Mutumin da ke ɗaga buhun dawa shi kaɗai ya jefa bayan lori, sai da na riƙe masa gwiwar hannu sannan ya iya zama. Ya ja jallabiyarsa ya rufe ƙafafunsa don kada mutane su ga yadda suka koma.

"Asiya, daina kallona haka," ya ce. "Sai a ɗauka gawa kika ɗauko."

"To ka ci abinci mana in daina."

"Da wane cikin? Rabinsa na can Wad Haddad."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Maganar tasa gaskiya ce, ba wasa ba.

Ni ce ƙanwarsa, malamar firamare a ƙauyenmu da ke gefen Wad Haddad a ƙasar Sudan, kuma duk gidanmu an san ni da baki. Inna kan ce tun ina goye nake mayar da magana. Shi ya sa aka zaɓe ni rakiya. Matarsa na da tsohon ciki, ni kuwa na iya Larabcin ofis, kuma ba a taka ni in yi shiru.

Ciwon ya fara masa ne da ƙin abinci. Asida, tuwonmu na can, ta daina wucewa, ya koma kunu, daga baya kunun ma ya riƙa dawowa. Ranar da ya yi aman jini a bakin hawasharsa, wato gonarsa ta cikin aikin ban-ruwa, a bayan tarakta aka fitar da shi titi, daga nan sai asibitin birnin Madani. Aka shiga da shi tiyata ba jira. Da likitan ya fito ya ce saratan ne, ciwon daji, ya yanke abin da zai yanku, amma ya ga alamar ya taɓa hanta. Sai wani ma'aikaci ya miƙo mana babbar kwalba, tsoka na iyo a cikin ruwan magani mai sa ido hawaye. A wurinmu haka ake yi, dangin majiyyaci ne ke kai abin da aka cire ɗakin gwaji da hannunsu. Baffa Sale, ƙanen mahaifinmu, shi ya karɓa, don shi ne babba tun rasuwar Baba.

Bai kai ba, gida ya wuce da ita. Ashe kafin a shiga da Yaya ya riƙe hannun Baffa ya ce duk abin da aka fitar daga jikinsa a kai kusa da Baba. Mutanenmu ba sa wasa da wannan. Da ƙafa kakanninmu suka taso daga ƙasar Sakkwato, kuma Inna na iya jera maka waɗanda aka baro a hanya: wannan a Barno, wancan a Wadai, wata goggo a wani fili da ba wanda ya riƙe sunansa. Tun da aka samu wurin zama aka yanki maƙabarta, ko yatsa inji ya cire wa mutum sai an naɗe shi an kai can. Na yi magana a lokacin, na ce likita fa ya ce a kai gwaji. Baffa ya dube ni ya ce, "Gwajin mi? Ba shi da bakinai yac ce saratan na ba? Sai mu ba su su yayyanka ɗan Adam su zuba ga shara?" Aka tafi a haka. Da ɗinkin ya warke mutane suka yi ta cewa Masar, Masar, can akwai sabon magani. Aka sayar da shanun Yaya da awarwaron Inna, muka kama hanya.

'Yar kasuwar nan ta jirgi mace ce mai ƙiba da murya kamar ta namiji. Da ta ji muna Hausa ta tambaya ko mu 'yan Najeriya ne. Yaya ya ce mata a yankin Jazira na Sudan aka haife shi, a Jazira aka haifi ubansa, audugar da ke jikin mayafinta ma wataƙila shi ya tsince ta. Ta yi dariya har da tafi. Daga nan ta mai da mu nata. Ta jiƙa masa dabino a ruwa ta tace, ta riƙa ba shi da cokali tana yi masa faɗa kamar ɗanta. Da muka iso Aswan ta sa masu ɗaukar kayanta suka sauko da shi a kan kujera. Cikin turmutsutsun kwastan muka rabu, ko sunanta ban tambaya ba, kuma abin na damuna har yau.

Daga Aswan jirgin ƙasa muka shiga. Yaya ya manna goshinsa a taga yana kallon gonakin mutane, yana ta sharhi kamar an aiko shi duba su. Wai ga masu ruwa a hannu ba sa jiran a buɗe musu tur'a, wato magudanar ban-ruwa, wai dubi yadda suke matse shuka. Da ya gaji ya ce, "Yanzu haka dawata ta fara fid da kai, ban san wa zai kore mata tsuntsu ba." Na ce Baffa na nan. Ya ce Baffa ya tsufa, tsuntsaye ma sun raina shi.

A tashar Alƙahira wani mutum ya tare mu, farar jallabiya, rawani ƙato, Larabcinsa irin namu na gida. Wallahi da na ji ya ce "ya bit ammi", 'yar baffana, sai da hawaye suka zo mini, don na ɗauka Allah ne ya jefo mana ɗan'uwa. Simsar ne, dillalin marasa lafiya, ni ban san da irin wannan sana'a a duniya ba. Ya kai mu wani ɗaki a can ƙololuwar bene, ba na'urar hawa, ya ce iska ta fi kyau a sama. Da Yaya ya hau, saukowa ta zama aiki. Sannan ya riƙa kai mu wani ɗan asibiti a saman shagon takalma, inda ake ɗaura wa Yaya ruwa mai launin rawaya, a ɗebi jini yau, a ɗebi jini jibi. Duk sanda na tambayi sabon maganin sai a ce saura gwaji ɗaya. Makonni suka wuce a haka, idon Yaya ya fara komawa kalar ruwan da ake ɗaura masa.

Matar mai gadin benen ce ta farkar da ni, Ummu Sayyid, 'yar ƙauye ce daga kudancin ƙasarsu. Ta same ni ina shanya ta ce, "'Yata, mutumin nan yana da rabo a kowace allura da aka yi wa ɗan'uwanki. Ba ku ne na farko ba a ɗakin nan." Ta faɗa mini inda babban asibitin masu wannan ciwo yake, da motar da zan shiga.

Washegari da safe na tare simsar ɗin a bakin ƙofa, gaban mai sayar da wake da duk masu jiran burodi. Na wanke shi tas. Na fara da Larabci, da Larabcin ya ƙare mini na koma Hausa, na ce Allah ya isa tsakaninmu da shi, ya ci naman ɗan'uwansa ɗanye, in ya haifu ya sake hawa benen nan. Ya ce ni mahaukaciya ce, Falata, sunan da suke kiran irinmu da shi a Sudan, ba su san alheri ba. Na cire takalmi, ya bi lungu. Da na hau sama na tarar Yaya ya jiyo komai ta taga, yana riƙe da cikinsa don kada dariya ta yi masa zafi.

"Ke dai ko a gaban Fir'auna sai kin tanka," ya ce.

Daɗin bai kai ko'ina ba, domin zagi ba ya dawo da makonnin da aka ci.

A babban asibitin mun sha layi har ƙafata ta kumbura. Likitar da muka samu mace ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da yawan murmushi, amma ta zaunar da mu ta yi mana bayani kamar mutane. Ta ɗauki biro ta zana ƙwallo a bayan takarda, ta ce wannan ƙwayar ciwon ce. Ta jera wasu 'yan ƙananan abubuwa a jikin ƙwallon, ta ce waɗannan su ke karɓar saƙon da ke ce wa ƙwaya ta girma ta hayayyafa. Kowace ƙwaya na da su kaɗan. Amma a cikin masu ciwon dajin ciki akwai waɗanda nasu ke fitar da irin waɗannan masu yawa fiye da kima, ana kiransu HER2. Su ne sabon maganin ke toshewa. Wanda ciwonsa ba ya da su da yawa, ko an ba shi maganin asara ce.

Yaya ya karkata kai yana duban zanen. "Wato kamar bakin ruwa ne a hawasha," ya ce mini da Hausa. "In kafofin sun yi yawa ruwa ya yi ta shiga, ciyawa ta cinye gona. Ita tana da abin toshe kafa."

Na juya mata da Larabci. Ta ɗago ta dube shi ta ce haka ne. Sai ta ce ba a ganin abin a jini, duk wanda ya ce mana ana gani ya cuce mu. A jikin tsokar ciwon ake gani. Ana daskarar da ita a cikin kaki, a yanko siriri, a zuba masa wani rini, in gefen ƙwayoyin ya rine ya yi ruwan ƙasa sosai to akwai su. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta ɗan dunƙulen kakin da ɗakin gwajinmu ya yi daga abin da aka cire masa.

Yaya ne ya amsa da kansa, da Larabcinsa na gona.

"Mun binne shi, Dakta."

Ta ce, "Kun yi me?"

"Mun binne. Kusa da mahaifina."

Ta ajiye biron, ta cire tabarau ta murza idonta. Na jira ta yi mana faɗa ko dariya, da na samu abin da zan mayar, amma ba ta yi ko ɗaya ba. Can ta tambaya a hankali ko a cikin kwalbar aka binne shi, da ruwan maganin. Ta ce in haka ne ba ta yi alkawari ba, don ya daɗe, amma za ta gwada.

Ban san sanda na fita ba. Na tsaya a bakin titi, motoci na ta ihu, na kira wayar mai shagon ƙauyenmu na ce a nemo mini Baffa ko yana cikin salla ne. Da ya zo ko gaisuwa ban ƙarasa ba.

"Baffa, kwalbar nan. A tono ta yau, a ba direban da zai zo Halfa."

"Wace kwalba, ɗiyata?"

"Ta Yaya! Wadda kuka binne!"

Ya ce, "Subhanallahi. Asiya, mu sa mutum ga ƙasa cikin kwalba awa man shanu? Mun zubar da ruwan. Ni da liman munka wanke shi da hannunmu, munka sa mai turare, munka naɗe shi ga farin ƙyalle sabo. Ba abin da munka rage mai na haƙƙi."

Yana faɗa yana jin ya kyauta, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Na ce, "Baffa, kun kashe shi." Haka na faɗa wa ƙanen ubana, a bakin titin Alƙahira, mutane na ratsa ni. Na kashe wayar kafin ya amsa, na tsuguna a gindin wata fitila na yi kuka har wani mai goge takalma ya miƙo mini ruwa.

Saura hanya ɗaya, in ji likitar: a soka allura ta cikin haƙarƙari a ɗebo daga abin da ke hantar. Amma jininsa ya tsinke, in aka soka yanzu zai iya zuba a ciki ba a sani ba. Sai an gyara jinin, sai ya ɗan yi ƙarfi. Da tsokar na nan, in ji ta, da cikin 'yan kwanaki an san amsa. Ba don ta ɓata mini rai ta faɗa ba, ni ce na matsa mata da tambaya.

Muka sauko daga ƙololuwar benen, Ummu Sayyid ta sa mijinta ya ba mu wani ɗan ɗaki a ƙasa kusa da nasu. Ƙarfi kuwa ta ina zai zo, mutum ba ya cin komai? Burodinsu ya ce kamar yana tauna tabarma. Wata rana da hantsi ya ce, "Asiya, da zan samu kunun dawa irin na Inna, mai ɗan tsami." Na zaga kasuwa kaf, kowa na tambaya sai ya miƙo mini masara ko alkama. Da na kwatanta wa Ummu Sayyid ƙwayar, ta kama baki ta ce ai wannan abincin tattabaru ne. Ta ja ni har shagon mai sayar da tsuntsaye. Ga dawa nan a buhu, tsakanin kejin kanari da na zomaye. Mai shagon ya tambaye ni tattabaru nawa gare ni. Na ce ɗaya ne, amma babba.

Na tsince ta, na wanke, na jiƙa har ta yi tsami, muka niƙa a injin markaɗen Ummu Sayyid. Da ƙamshin ya tashi a ɗakin nan sai da na fita waje, don Wad Haddad gaba ɗaya ta taso mini: rumfar Inna, hayaƙin kara, kukan jakin maƙwabta. Yaya ya sha 'yan cokula ya lumshe ido.

"Ya yi kusa," ya ce. "Amma kada ki gaya wa Inna a shagon tsuntsaye kika samo, sai ta ce mun zo Masar mun zama kaji."

A kwanakin nan ne aka kira aka ce matarsa ta sauka, namiji. Ya sa aka kara wayar a bakin jaririn ya ji kukansa. Ya ce a sa masa sunan Baffa. Na ce ban gane ba, duk sunayen duniya?

"Asiya, ni na roƙe shi," ya ce. "Amana na ba shi, ya riƙe."

"Shi ne babba. Shi likita ya miƙa wa kwalbar. Kai kana kwance ba ka san inda kanka yake ba."

"In kin koma kada ki yi masa rashin kunya."

Na ci gaba da gyara masa matashi.

"Kin ji ko?"

"Na ji da kunnena," na ce. Ban yi masa alkawari ba, shi ma ya san ban yi ba.

Daga baya jinin ya ɗan daidaita, aka soka allurar. Muka koma jira. Kullum sai in je in tsaya a tagar ɗakin gwajin, har mai share wurin ta san ni, tana ganina sai ta girgiza kai. Kafin amsar ta fito ƙafafun Yaya sun kumbura, cikinsa ya cika da ruwa, wani lokacin ya kira ni da sunan Inna. Aka kwantar da shi.

Da rana tsaka likitar ta shigo ɗakin. Ba ta aiko kowa ba, da kanta ta zo, ta ja kujera ta zauna a gefen gadon. Ta ce ta duba da idonta, gefen ƙwayoyin ya rine gaba ɗaya, ba ko shakka. Irin ciwon da aka yi maganin dominsa ne.

Na miƙe tsaye na ce Alhamdu lillahi, a fara yau, yanzu ma.

Ta kama hannuna ta zaunar da ni. Ta ce maganin ba ya tafiya shi kaɗai, tare ake ba da shi da wasu masu ƙarfi, kuma hantarsa ba za ta ɗauka ba. In ta ba shi yanzu, ita za ta gaggauta masa. Na tambaye ta da mun zo da tsokar tun farko fa? Ta ce ba warkewa zai yi ba, kada in ɗora wa kaina wannan, amma mai yiwuwa da ya samu lokaci. Na ce lokacin da zai isa ya koma ya ga ɗansa? Ta ce mai yiwuwa.

Ranar hankalin Yaya na jikinsa, ya ji duka. Ya ce, "To, ashe kafofin na nan da yawa. Mai toshewar ce ta iso bayan ruwa ya ci gonar." Sannan ya yi wa likitar godiya, ya ce ta yi abin da za ta iya. Da ta fita ya juyo gare ni ya ce, "Kai ni gida."

Na yi ƙoƙari, Allah shi ne shaida. Masu jirgin sama suka ce ba sa ɗaukar wanda ba ya iya zama. Hanyar Aswan da jirgin ruwa kuwa ko mai lafiya tana jijjiga shi. Ina cikin wannan zirga-zirgar, wata safiya na dawo daga wani ofis na tarar an ja labulen gadonsa. Ummu Sayyid ce ke zaune a wurin, ta kawo masa kunun da na dama na bari. Ita ta yi masa kalmar shahada, ita ta rufe masa ido. Na yi ta yawon neman hanyar kai shi gida, ban samu ko sallama da shi ba. Wannan baƙin cikin ba ya tsufa.

Ɗaukar gawa zuwa Sudan ya fi ƙarfin abin da ya rage a hannuna, kuma Inna da kanta ta ce a waya kada a wahalar da shi, ƙasa duk ta Allah ce. Ina zaune a bakin ɗakin ajiye gawa, ban san ko mutum ɗaya da zai wanke shi ba, sai na ji wani na ce wa ɗan'uwansa, "Kai dai bari, zafin garin nan ya fi na Zinder." Hausa! Wasu malamai ne masu neman ilimi, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, sun zo duba wani nasu. Na tashi na tare su kamar mahaukaciya na ce, "Bayin Allah, ɗan'uwana ya rasu, ba ni da kowa." Babbansu ya cire hula ya mayar, ya ce, "Kina da mu, Hajiya." Su suka wanke shi, suka sallace shi, suka bi shi har maƙabartar da ke bayan gari. Ɗayansu ya ce Hausata irin ta kakarsa ce, ya yi shekaru bai ji ta ba. Ni daga nesa na tsaya. Wurin fili ne fetal, kaburbura iri ɗaya har iyakar gani, ko a yau aka mai da ni ba zan iya nuna nasa ba.

Na biyo hanyar da muka zo ni kaɗai, jirgin ƙasa, jirgin ruwa, mota. A jakata akwai jallabiyarsa da ragowar dawar tattabarun da na kasa zubarwa. Duk tsawon hanyar nan magana nake shirya wa Baffa. Na jera ta, na gyara, na ƙara mata gishiri. Na ce sai na faɗa masa a gaban liman da duk wanda ya taya shi wanke tsokar nan cewa amsar ta fito, maganin na Yaya ne, su suka binne masa shi.

Na iso ana tsakiyar yankan dawa. Aka yi koke-koke, aka miƙo mini jaririn, goshin Yaya sak. Baffa bai shigo ba, aka ce tun ranar da na yi masa waya bai cika zama cikin mutane ba. Na ce zai fito ne.

Washegari bayan la'asar Inna ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Ba ta faɗi ko ina ba. Muka bi gefen tur'a har maƙabarta. Kusa da kabarin Baba akwai wani ɗan tudu da bai fi tsawon hannu ba, an kewaye shi da duwatsu, an share gefensa tas. Ga kaskon ruwa a kansa irin wanda muke ajiye wa tsuntsaye don ladan ya kai ga mamaci. Baffa na tsugune a wurin da buta, yana cika kaskon. Ya rame har wuyansa ya fito. Da ya gan ni ya miƙe da ƙyar, ya ja baya ya tsaya, ya sunkuyar da kai yana jira. Ya san abin da na zo da shi.

Inna ta zauna a ƙasa, ta ɗora tafin hannunta a kan ɗan tudun.

"Haruna, ga Asiya ta dawo," ta ce. Sannan ta ɗago ta dube ni. "Can inda kunka baro shi, kina iya kai ni?"

Na ce a'a, Inna.

"Ɗanai in ya girma, yana iya zuwa?"

Na ce ko ni ba zan gane wurin ba.

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da shafa ƙasar. "To nan nika zuwa," ta ce. "Uwata ba ta san inda uwatta take ba. Ni ko ga nawa kusa da ubanai."

Maganar da na ɗauko tun daga Alƙahira tana nan a bakina, ba abin da ya ragu daga gaskiyarta. Wannan ɗan tudun shi ya hana Yaya ganin ɗansa, kuma shi kaɗai ne abin da Inna ta samu. Na dubi Baffa, na buɗe baki, ni Asiya da ba a taɓa rufe wa baki ba, na rasa wadda zan fara faɗa.

Sai na kwance ƙullin dawar tattabarun da ke bakin mayafina na miƙa masa. Ya karɓa, ya duba ƙwayar ya ce wannan ba irin tamu ba ce.

"Ita ya ci ta ƙarshe," na ce. "Zuba masa, Baffa."

Ya tsuguna ya zuba a gefen kaskon, muka tsaya mu uku har tsuntsayen suka sauko.